Tambaya kan kurket: wane ne Brian Lara da har wani zai bar masa kambun maki 400?

Ɗalibin Bangalore:

Assalamu alaikum jama'a. Na san yawancinmu a nan 'yan ƙwallon ƙafa ne, amma ku taimaka min da wannan. Shekarata biyu ina karatun harhaɗa magunguna a Indiya, kuma a ƙasar nan in ba ka jin kurket to ba ka da bakin magana a ɗakin kwana. Dole ta sa na fara koyo, har na soma jin daɗinsa.

Ranar Litinin, 7 ga Yuli, 2025, muna kallon wasan Afirka ta Kudu da Zimbabuwe a Bulawayo. Kyaftin ɗin Afirka ta Kudu na wannan wasa, Wiaan Mulder, ya tara maki 367 ba a fitar da shi ba. Saura 33 ya kamo 400, wanda shi ne maki mafi yawa da mutum ɗaya ya taɓa ci a bugu guda a wasan Tes na kwana biyar. Lokaci kuma yana nan birjik, don rana ta biyu ake ciki. Da aka tafi hutun cin abinci sai kawai muka ga ya ce bugun nasu ya isa haka. Daga baya ya faɗa wa 'yan jarida cewa Brian Lara ne ya cancanci ya ci gaba da riƙe wannan kambu.

Ɗakinmu ya kaure da gardama har dare. Abokan zamana biyu suka ce girmamawa ce, ɗaya ya ce wauta ce, kuma dukkansu sun haɗu a kan cewa ko me Lara ya yi bai kai Sachin Tendulkar, gwarzon mai bugu na Indiya, ba. Ni an haife ni bayan ya ci 400 ɗin. Akwai wanda ya ga wasan mutumin nan da idonsa? Me ya yi da ake ba shi wannan girma?

Baban Halima:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Zan yi dogon rubutu, ka yi haƙuri.

A 1993 na tafi ƙaro karatu Birmingham. Na kama ɗaki a Balsall Heath, a gidan wani dattijo ɗan Pakistan, kuma daga ƙofar gidan zuwa filin wasa na Edgbaston tafiyar ƙafa ce. Maƙwabcinmu direban bas ne ɗan Jamaika, tun yana saurayi ya zo Ingila. Waɗannan mutane biyu ba abin da ya haɗa su, ba addini ba abinci, sai kurket. Su suka koya min shi a teburin kicin, da cokali da murfin kwalba: ga mai jifa, ga mai bugu, ga sanduna uku a bayansa da yake karewa, kowane mai jifa jifa shida yake yi a karɓe shi, in ƙwallo ta gangara ta kai iyakar fili maki huɗu, in ta tsallake a sama maki shida.

A watan Afrilun 1994 direban nan ya buga min ƙofa da rediyo a hannu, idonsa jawur. Ya ce wani yaro ɗan Tirinidad, Brian Lara, bai cika 25 ba, ya ci wa Ingila 375 a Antigua, ya wuce 365 ɗin da Garfield Sobers ya kafa tun 1958. Sobers da kansa ya tako cikin fili ya rungume shi. Sai ga shi ƙungiyar yankinmu, Warwickshire, ta riga ta ɗauki yaron haya na wannan kaka. Ka ga ke nan ya zama ɗan unguwa.

Ranar Litinin 6 ga Yuni, 1994, ina ɗakin karatu sai mai gidanmu ya aiko jikansa a kan keke ya ce in ajiye littafi in zo. Wasan Warwickshire da Durham ne, rana ta ƙarshe, kuma kowa ya san canjaras za a tashi domin ruwan sama ya cinye rana guda. Da safe filin kusan fayau yake. Lara ya wayi gari da 111. Kafin cin abincin rana ya ƙara 174. Lokacin da na isa ya haura 300, mutane na ta kwararowa daga ofisoshi da shaguna, wasu da rigar aiki a jikinsu.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda yake ɗaga sanda. Bahago ne, gajere, ba shi da wani jiki. In mai jifa ya taho, sai ya ɗan durƙusa, ya ɗaga sandar can sama bisa kansa har ka ce ba za ta sauko a kan lokaci ba. Sai ka ji ƙara kamar an fasa busasshen ice, ƙwallo ta ratsa tsakanin mutum biyu da ke tsaye kusa da juna. Kyaftin ɗin Durham ya matsar da mutum ya toshe wurin, Lara ya aika ta gaba daidai inda aka ɗauke mutumin. Haka aka yini. Dattijon da nake tare da shi bai ce uffan ba, domin kambun da ake shirin karyawa na ɗan ƙasarsu ne: 499 na Hanif Mohammad, a Karachi, 1959. Ƙanin Hanif ɗin, Mushtaq, yana zaune a Birmingham, shi ma ya garzayo filin ranar. A jifa shidan ƙarshe John Morris, wanda ba ma aikinsa ba ne jifa, ya maka wa Lara ƙwallo a hular kwano yana kan 497. Ya girgiza kai, ya gyara tsayuwa, ta gaba ya kora ta iyaka. 501. Har yau ba wanda ya kai haka a manyan wasanni. Dattijon ya miƙe ya yi tafi tare da kowa, sannan a hanyar gida ya tuna min cewa tun yana kan 18 mai tsaron baya na Durham ya saki ƙwallon da za ta fitar da shi. Ya ce rabo ne, in ya rantse ba mai hana shi.

To amma ɗana, in ka tambaye ni, da 375 da 501 da 400 ɗin da ake ta magana, ba su ne Lara ba. Lara yana cikin 153.

Ka fara gane gidan da ya gada. Daga 1980 zuwa 1995 ba ƙasar da ta ci Wes Indis, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashen Karibiyan, a jerin wasannin Tes. Shekara 15. Zamanin Clive Lloyd da Viv Richards da Malcolm Marshall ke nan. Lara ya fara buga musu a Lahore a Disambar 1990, daidai lokacin da manyan ke ajiye sanda ɗaya bayan ɗaya. Ya zo a ƙarshen biki, ana naɗe tabarmi. Ostiraliya ta zo har gida ta doke su a 1995, daga nan gini ya fara zuba, kuma shi aka bari a ƙarƙashinsa.

A ƙarshen 1998 yana kyaftin, 'yan wasan suka yi zaman dirshan a wani otal kusa da filin jirgin Heathrow kan batun kuɗi, suka ƙi wucewa Afirka ta Kudu. Hukuma ta tuɓe shi, sannan ta mayar da shi. Har wasiƙar Nelson Mandela aka kawo musu otal ɗin ana roƙonsu. Suka je aka yi musu biyar ba ko ɗaya. Suka dawo gida ga Ostiraliya ta Steve Waugh tana jira, da masu jifanta McGrath da Gillespie da Warne da MacGill. Hukuma ta ce wa Lara wasa biyu aka ba shi gwaji. A na farko, a garinsu Port of Spain, aka kakkaɓe su duka a kan maki 51.

Wasa na biyu a Kingston, inda mutanen Jamaika ke jin haushinsa don an karɓe kyaftin daga ɗansu Courtney Walsh an ba shi. Mutum huɗu sun fita a kan 34. Ya tsaya da Jimmy Adams, ya ci 213, suka yi nasara.

Na uku a Bridgetown, Barbados. A lokacin na dawo gida ina aiki a Kaduna, kuma wasan ya faɗo a kwanakin Babbar Sallah ta 1999. Akwai wani injiniya Ba'indiye da ke aiki a masaƙa, yana da kwanon tauraron ɗan'adam. Ranar 30 ga Maris na je gidansa bayan la'asar da soyayyen naman layya a leda, na manta sam ba ya cin nama, sai mai gadinsa ya amfana. Ana neman 308. Mutum biyar sun fita a kan 105. Lara da Adams suka ja har 238, McGrath ya maka wa Lara ƙwallo a kai, suka yi cirko-cirko ƙirji da ƙirji sai da Adams ya shiga tsakani. Sannan McGrath ya kwashe mutum uku a jere, aka koma 248, saura mutum biyu kacal, kuma duk masu jifa ne da ba su iya bugu ba, ga maki 60 a gaba.

Nan ne aikin yake. Ka lura, duk jifa shida ana juya gefe. Dole Lara ya ci maki, kuma dole ya lissafa yadda zai ci maki ɗaya a jifa na biyar ko na shida don ƙwallo ta sake dawowa kansa, kada abokin nasa ya fuskanci McGrath. Ostiraliya sun san haka, sai su baje mutane can nesa a farkon jifa su ba shi ɗaya kyauta, ya ƙi karɓa, su matso a ƙarshe su hana shi. Curtly Ambrose, dogo kamar giginya, ya daure ya tsaya masa sama da awa guda ya ci 12. Saura bakwai, mai tsaron baya Ian Healy ya saki ƙwallon Lara. Saura shida Ambrose ya fita. Walsh ya shigo, mutumin da a ƙarshen aikinsa sau 43 aka fitar da shi ba ko maki ɗaya. Ba'indiyen nan ya tashi ya koma bayan kujera ya tsaya. Walsh ya kare ƙwallo biyar, kowace da irin nata ikon Allah. Sai ta dawo kan Lara, Gillespie ya jefo, Lara ya ɗaga sandar nan sama ya kora ta iyaka, suka yi nasara yana da 153 ba a fitar da shi ba. An yi isha'i tuni a Kaduna, ni ban san lokacin da aka kira ba, sai a gida na rama.

A wasa na huɗu Ostiraliya ta ajiye Shane Warne a benci. Lara ya sake cin 100, amma aka ci su, aka tashi 2 da 2. Daga baya Wisden, shahararren kundin kurket, ta sanya 153 ɗin nan a matsayi na biyu a duk bugun da aka taɓa yi a Tes, bayan 270 na Don Bradman.

Ka gaya wa abokan ɗakinka Tendulkar babba ne, ba mai musu, ya fi Lara yawan maki da daɗewa da natsuwa. Amma Tendulkar in ya fita, a ƙungiyar Indiya akwai Dravid da Laxman da Ganguly da Sehwag. Lara in ya fita, sau da yawa Chanderpaul kaɗai ya rage. A Sri Lanka a 2001, a gaban gwanin mai jifansu Muralitharan a gidansa, ya ci 688 a wasa uku, kusan kashi 42 cikin ɗari na makin ƙungiyar baki ɗaya, kuma duk ukun aka ci su.

Malamin Lissafi:

Yallaɓai Baban Halima, Allah ya ƙara girma, na ƙaru ƙwarai. Amma tambayar yaron nan a kan 400 take, kuma a nan ina da ja.

A 2004 Ingila ta zo Karibiyan ta ci wasa uku na farko. A Kingston an kakkaɓe Wes Indis a kan 47, Steve Harmison ya fitar da mutum bakwai da maki 12 kacal. Wasa na huɗu a Antigua shi ne damar su ci ko da ɗaya. Lara ne kyaftin, shi ke da ikon cewa bugu ya isa. Ya yi kusan awa 13 yana bugu, ƙwallo 582, har cikin rana ta uku, sai da ya cika 400 ƙungiya ta kai 751 sannan ya tsayar. Wata shida kafin nan Matthew Hayden ya karɓe masa kambu da 380 a kan Zimbabuwe, kowa ya san abin da yake nema. Sakamakon? Lokaci bai isa a fitar da Ingila sau biyu ba, Michael Vaughan ya ci 140, aka tashi canjaras. Mulder kuwa ya tsaya a 367, Afirka ta Kudu ta gama da Zimbabuwe cikin kwana uku. Wane ne ya yi aikin kyaftin a cikinsu?

Kuma alƙaluma ba sa ƙarya. Sau uku ana naɗa shi. Wasan Tes 47 ya jagoranta, ya ci 10, aka ci shi 26. A 1995 ya janye daga tafiya Ostiraliya bayan an ci shi tara. A 1996 yana cikin waɗanda Kenya ta kunyata a gasar cin kofin duniya a Pune, ya fita da maki 8. Gwanin bugu ne, na yarda. Shugaba kuwa, a'a.

Baban Halima:

Malam, ban musa maka ko ɗaya ba, duk haka aka yi. Ba zan ce maka Lara kyaftin ne na kirki ba. Mutum ne mai zuciya, yau fara'a gobe ɗaure fuska, ya yi ta rigima da hukuma da masu zaɓen 'yan wasa, kuma yana wahalar gane dalilin da ya sa abin da ke masa sauƙi yake gagarar wasu. Shahara ta same shi cikin mako bakwai yana ɗan 25, mahaifinsa da ya tsaya masa tun yana ɗan shekara shida ya rasu tun 1989, ba babba a kusa da zai ja masa kunne. Wannan ya nuna a halinsa shekaru da yawa.

Amma kan 2004 ka duba wani abu. Kafin Antigua, a bugu shida, maki 100 kacal ya haɗa. Ingila ba ta taɓa share Wes Indis tas a gidansu ba, kuma ana gab da haka. Filin Antigua shimfiɗaɗɗe ne, ba ya taimakon mai jifa, ruwa kuma ya ci wani ɓangare na ranar farko. Da waɗanne masu jifa zai fitar da mutum 20? Ambrose ya ajiye tun 2000, Walsh 2001. Yara ne a hannunsa. Abin da yake iya yi da hannunsa shi ne ya hana a ci su, ya kuma ba mutanensa abin ɗaga kai, kuma ya yi. Ina da tabbacin yana son kambun, ba na wanke shi daga wannan. Sai dai a ganina buƙatarsa da ta jama'arsa sun haɗu a wuri ɗaya ranar.

Kuma in za ka kawo 26, ka kawo Mayun 2003, da suka bi Ostiraliya suka cimma 418 a Antigua yana kyaftin, abin da ba a taɓa yi ba. Ka kawo Satumbar 2004 a filin Oval, da suka ci Ingila suka ɗauki kofin zakaru cikin duhun magariba, mutum takwas sun fita a kan 147, Courtney Browne da Ian Bradshaw suka kai su gaci. Rabonsu da babban kofi tun 1979.

Shi kuwa Mulder, na ga an ruwaito daga bakinsa cewa sun yi magana da Lara bayan wasan, kuma Lara ya ce masa da ya ci gaba abinsa, an kafa kambu ne don a karya. Ni ma da ina kusa haka zan ce masa. Akwai lokaci, ba abin da ƙungiyarsa za ta rasa da ƙarin awa guda.

Maman 'Yan Biyu:

Baba, sannu da ƙoƙari, na karanta har ƙarshe. Ni ba na kallon kurket, amma ina aikin jinya a Landan da mata 'yan Karibiyan da yawa, kuma akwai abin da na koya a wurinsu. Wes Indis ba ƙasa ba ce. Jamaika daban, Barbados daban, Tirinidad daban, Guyana ma ba tsibiri ba ce, kowa da tutarsa da gwamnatinsa. Kurket ne ke haɗa su riga ɗaya. Jikokin bayi ne da jikokin leburorin rake da aka kwaso daga Indiya, kuma wasan na waɗanda suka mulke su ne. Wata abokiyar aikina 'yar Tirinidad ta ce min mahaifinta yana aikin jirgin ƙasa a nan, duk ranar da aka ci wa Ingila ɗari to washegari da sabuwar tafiya yake shiga wurin aiki. Saboda haka ban yi mamaki ba da manyan bugun nan biyu, 375 da 400, duk a kan Ingila suka faɗa. A Port of Spain akwai dandali guda a tsakiyar gari da sunansa.

Ga 'yan Manchester United na zauren nan: Dwight Yorke amininsa ne tun suna yara, ɗan Tobago ne.

Ɗalibin Bangalore:

Na gode Baba, na gode Malam, na gode Anti. Na nemo bidiyon 153 ɗin mun kalla mu huɗu a waya ɗaya. Wanda ya fi kowa zafin Tendulkar a ɗakin sau uku yana cewa a mayar da wurin Walsh. Baba, yaya aka yi ya bar wasan?

Baban Halima:

Ranar 21 ga Afrilu, 2007, a filin Kensington na Barbados, inda ya yi 153 ɗin. Gasar cin kofin duniya ce a gidansu, an riga an fitar da su, wasan ƙarshe da Ingila. 'Yan Ingila suka jeru layi biyu ya ratsa ta tsakiya. Yana kan 18 Marlon Samuels ya kira shi gudu sannan ya fasa, aka jefi sanduna Lara yana tsakiyar hanya. Ya ɗaga sanda ya zagaya da ita ga jama'a, ya fita. Ingila ta ci wasan da kyar, saura mutum ɗaya a gama fitar da ita.

Ya tafi da maki 11,953 a Tes 131, ɗari sau 34, ya wuce Allan Border na Ostiraliya, mai riƙe da kambun yawan maki a Tes a lokacin, a Adelaide tun 2005. A cikin 131 ɗin nan an ci ƙungiyarsa 63. Bayan wasan aka miƙa masa makirufo, ya juya ga mutanen da suka cika filin ya tambaye su ko ya nishaɗantar da su, filin ya amsa da ihu.

In za ka ƙara neman wani bidiyon, nemi 277 na Sydney, Janairun 1993. Shi ne ɗarinsa na farko a Tes, Warne yana saurayi a lokacin, kuma ba mai jifan da ya iya fitar da shi ranar, a gudu aka kama shi. 'Yarsa ta fari ma Sydney ya raɗa mata.